Motocin Haya Masu Lantarki a Birnin da Wuta Ba Ta Tsayawa: Zai Yiwu Kuwa?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da adaidaita sahu guda uku da yara ke ja mini a Kano. Tun da aka cire tallafin mai, kusan rabin abin da yaro ya samo a gidan mai yake ƙarewa, balas ma sai da rigima. Na ji a rediyo cewa a Dakar manyan bas ɗinsu na haya da lantarki suke aiki. Shin birnin da wuta ba ta tsayawa kamar namu zai iya komawa ababen hawa masu lantarki? Ni kuma in sayar da nawa in sayi masu batir, ko in dakata?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambaya biyu ka haɗa a wuri ɗaya, ta gari da ta aljihunka, kuma amsarsu ba lallai ta zo ɗaya ba. Gari na iya kasancewa bai shirya ba alhali kai ka ci riba, haka kuma gwamnati na iya yin bikin ƙaddamar da bas ɗari kai kuma ka tafka asara. Zan fara da dalilin da ya sa ake wannan magana tun asali, don in ba a gane shi ba sauran duk surutu ne.

Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin kilowat 9 na awa guda, wato yunit 9 irin wanda mitar gidanka ke ƙirgawa. Amma injin fetur kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake juyawa ya zama tafiya. Sauran zafi ne da ke fita ta salansa da jikin inji, shi ya sa ba ka iya taɓa shi in yaro ya dawo daga aiki. Motar lantarki kuwa tana juya kusan kashi tara cikin goma na wutar da ta ja. A cikin cunkoso bambancin ya fi fitowa: ɗan sahu da ke tsaye a Bata yana jiran a ba da hannu, injinsa na shan mai, mai batir kuwa ba ya cin komai in yana tsaye, in ya taka birki ma wasu na mayar da ɗan abin da ya samu cikin batir. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci. Saboda haka abin hawan da ya fi dacewa da lantarki shi ne wanda ke yini a cikin gari yana tsayawa yana tashi, wato dai bas da adaidaita sahu da tasi, ba motar mai kuɗi da ke fita sau biyu a rana ba.

Mu yi lissafi da lambobin da na ƙaddara, kai sai ka sa naka. A ce keke, wato adaidaita sahu, na yin kilomita 120 a yini yana shan lita 6. In lita naira 1,000 ce, an kashe 6,000. Mai lantarki zai ci kamar yunit 12 a wannan tafiyar, har da abin da ke salwanta wajen caji. Farashin da aka yanka wa masu layin Band A a watan Afrilun 2024 naira 225 ne kowane yunit, ka ga 2,700 ke nan. Masu talla a nan suke tsayawa, su ce maka ka rage fiye da rabi. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun ɓoye maka batir. Batir ba kayan gyara ba ne, mai ne da ka biya kuɗinsa gaba ɗaya tun ranar farko. In ka saye shi naira miliyan ɗaya da rabi ya yi maka shekara biyar, kwana 300 na aiki kowace shekara, yana cin naira 1,000 kullum, kana nan a 3,700, ka ci riba sosai. In ya mutu a shekara biyu, 2,500 yake ci kullum, jimla 5,200, ribar ta kusa ƙarewa. Duk harkar nan a kan tsawon ran batir da farashin wuta take juyawa.

Abin da Dakar ta yi kafin ta sayi bas

Labarin da ka ji gaskiya ne. Shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya ƙaddamar da layin waɗannan bas a watan Janairun 2024, aka fara ɗaukar fasinja da kuɗi a watan Mayu. Tsawonsa kilomita 18 da 'yan kai, daga Petersen a tsakiyar birni zuwa Guédiawaye, da tashoshi 23, da dogayen bas 121 masu gaɓa biyu da aka ƙero a Chaina, kowace na ɗaukar mutum kusan 150. An tsara shi ne don ya ɗauki fasinja har 300,000 a rana, ya rage tafiyar da ke cin awa ɗaya da rabi ta koma minti 45.

To amma ka lura, ba batir ne ya rage wannan lokacin ba. Hanya ce aka ware a tsakiyar titi wadda babu mai shigarta sai waɗannan bas. Da bas ɗin dizal aka sa a kanta ma da minti 45 za su yi. Wannan shi ne abin da masu kallon hotunan ba sa gani. Ware hanyar ne ya sa bas ɗaya ke yin sawu da yawa a yini, yawan sawun ne ke biyan tsadar motar, kuma da yake an san iya kilomitar da kowace za ta yi, an san girman batirin da take buƙata da lokacin da za ta koma garejinta a yi mata caji. Bas mai tsada da ta maƙale a cunkoso tana yin sawu huɗu maimakon goma ba za ta taɓa fitar da kuɗinta ba, ko da wutar kyauta ce.

Sannan akwai tarihin da ya fi wannan daɗewa. Tun 1997 Dakar ta kafa hukuma guda, CETUD, mai tsara sufurin birni gaba ɗaya. Su ma suna da nasu tsofaffin motocin haya, car rapide masu launin shuɗi da rawaya da kuma farare da ake kira Ndiaga Ndiaye, kowa da motarsa, kowa na farautar fasinja yadda ya ga dama, kamar dai yadda muka sani. Daga 2005 aka fara tara masu motocin cikin ƙungiyoyi, ana karɓar tsohuwar mota a ba su sabuwar ƙaramar bas ƙirar Tata bashi, da sharaɗin bin layi mai lamba, da tsayawa a tasha, da yankar tikiti. Kusan shekara ashirin suna koyon wannan kafin bas mai lantarki ta farko ta taka titi. Kuɗin ma an raba shi: hanya da tashoshi gwamnati ta gina da rancen Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai, motocin kuwa da tafiyar da su kamfanin Dakar Mobilité ne, wanda Meridiam na Faransa ke da kaso mafi girma a cikinsa, asusun zuba jarin ƙasar Senegal na da sauran. Wanda ya sa kuɗinsa ya sayi motar shi ke gyara ta, shi zai yi kuka in ta tsaya. Ni a wurina darasin Dakar ke nan. Sayen mota shi ne mataki mafi sauƙi, kuma shi ne na ƙarshe.

A nan gida an yi gwaje-gwaje. Legas ta gwada bas masu lantarki a 2023, Borno ma ta fito da tasi masu lantarki a Maiduguri a ƙarshen 2023 ɗin. Abu ne mai kyau, sai an gwada akan san na ƙwarai. Sai dai duk wanda ya kai shekara arba'in a Arewa ya ga bas ɗin gwamnati iri-iri da aka yi wa fenti aka yanka kirtani, bayan shekara uku suna jibge a harabar ma'aikata babu tayoyi. Waɗancan na dizal ne da kowane bakanike ya iya. Mai lantarki in aka yi mata irin wannan riƙon ta fi saurin zama ɗakin kaji.

Maganar wuta

Yanzu ga inda tambayarka ta fi ciwo. Babbar bas mai tsawon mita 12 tana cin yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace kilomita, ya danganta da lodi da na'urar sanyaya ciki. A ce tana buƙatar yunit 250 a rana. Bas 100 na buƙatar yunit 25,000, kuma a cikin dare za a zuba musu, tsakanin sha ɗaya da asuba, awa shida. Ka raba za ka samu megawat 4 da ɗoriya, ana ja ba ƙaƙƙautawa, a gareji ɗaya. Wannan wutar babbar masana'anta ce. Ka tuna tashar hasken rana ta Kumbotso da aka ƙaddamar a farkon 2023 megawat 10 ce gaba ɗayanta, kuma duk Najeriya abin da layin ƙasa ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Ba taransifomar unguwa ce za ta ɗauki wannan ba, sai an ja wa garejin nasa layin daga babbar tasha.

Yawan wutar ma ba shi ne babbar matsalar ba, tabbas ɗinta ne. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ɗaya layin ya samu, jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ka ɗauka a ce duk sufurin Kano a kan wannan layin ya dogara. Gida in babu wuta a kunna fitila a kwanta, gari in babu abin hawa kasuwa da asibiti da makaranta duk sun tsaya. Saboda haka birni irin namu ba zai yi abin da Shenzhen ta ƙasar Chaina ta yi ba, wadda ta mayar da bas ɗinta sama da 16,000 masu lantarki zuwa ƙarshen 2017. Su wuta ba ta yanke musu, kamfanin BYD mai ƙera motocin lantarki a garinsu yake, gwamnati kuma ta zuba tallafi mai yawan gaske a kan kowace mota. Nairobi ma da ake kwatanta mu da ita, mafi yawan wutar Kenya daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria da ruwa da iska take fitowa, da daddare har rara suke samu, shi ya sa cajin dare ya yi musu daidai.

Wasu za su ce a sa janareta. Litar dizal tana ba da kamar yunit 3 a janareta mai lafiya. Keken da ke buƙatar yunit 12 ya sha lita 4 na dizal ke nan, wanda ya fi fetur tsada, ban da gyaran janaretan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da Allah ya hore mana shi ne rana. Farantin sola mai ƙarfin kilowat 1 yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini a yankinmu, ya ragu lokacin hazo in ba a share shi. Keke ɗaya na buƙatar kamar kilowat 3 na faranti. A nan zan gyara wani kuskure da nake yawan ji, cewa a ɗora faranti a rufin keke ya riƙa caji yana tafiya. Rufin keke ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 300 zuwa 400, wanda a yini cur zai ba ka tafiyar kilomita goma sha biyar, in ya yi ƙoƙari. Taimako ne, amma ba ya maye gurbin caji. Matsalar rana kuma ita ce lokacin da take bayar da wuta shi ne lokacin da abin hawa ke kan titi yana neman kuɗi. Mafita biyu ce: ko dai a tara wutar a wani babban batir a juye da daddare, wanda ya ninka kuɗin batir, ko kuma a raba batirin da abin hawan.

Dalilin da ya sa na fi ganin hasken keke a kan bas

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ne ya zama ƙashin bayan sufurin garin, kuma shi ne ya fi sauƙin juyawa. Batirin bas ya fi tan ɗaya nauyi, na keke kuwa ana iya raba shi gida biyu ko uku da mutum zai ɗaga da hannu. Wannan ya ba da damar musaya: direba ya shigo shago da batirin da ya ƙare, ya ajiye, ya ɗauki cikakke, cikin 'yan mintoci ya koma aiki, ya biya kuɗin wutar kamar yadda yake biya a gidan mai. Batiran da ke shago suna shan rana tun safe. Haka kamfanin Ampersand ke yi wa 'yan acaɓa a Kigali, haka Spiro ke yi a Kwatano da Lome da wasu biranen. Alherin tsarin biyu ne. Ya warware rikicin rana da dare, sannan ya cire batirin daga wuyanka ya ɗora wa wanda ya san yadda ake kula da shi.

Wannan dabarar ta raba mallaka ita ce ta ceci manyan bas ma. A Santiyago ta ƙasar Chile, bas 100 na farko da suka fara aiki a ƙarshen 2018 kamfanin wutar lantarki ne ya saya ya ba mai sufuri haya. A Nairobi, kamfanin BasiGo mai samar da bas masu lantarki na karɓar wani kaso na kuɗi a farko, sauran mai mota ya riƙa biya a kan kowace kilomita da ya yi, caji da gyara da batir duk a ciki. Mai mota a ƙasashenmu ba ya rasa kuɗin yau da gobe, jarin farko ne ke gagarar sa, ga kuɗin ruwan banki da ya wuce kashi ashirin cikin ɗari, wanda da yawanmu ma ba za mu taɓa shi ba saboda addini. Haya da biya a kan kilomita tsari ne da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa za su iya shiga cikinsa.

Kekuna masu lantarki ba sabon abu ba ne. Kathmandu babban birnin Nepal ta hana kekunan dizal a 1999 saboda hayaƙi, masu batir da suke kira Safa Tempo suka maye gurbinsu, ɗaruruwa, a lokacin da su ma ana ɗauke musu wuta. A Indiya kuwa kekunan lantarki sun wuce miliyan, kuma talakawa ne suka yaɗa su tun kafin gwamnati ta waiwayo. Sai dai akasarinsu sun fara ne da batirin dalma, irin na mota, mai arha wajen saye, mai nauyi, wanda ke gajiya cikin shekara guda ko ƙasa da haka. Irinsu ne ke fara shigowa kasuwarmu saboda araha, kuma su ne ke ɓata wa harkar suna.

Abin da na gani da idona

Aikina na shekaru a kan haɗa sola da batira ne, kuma ta nan aka taɓa kira na in duba wasu kekuna masu lantarki da wata ƙungiya ta sayo. Ƙorafinsu shi ne batiran sun fara mutuwa tun ba su shekara ba. Da na je sai na tarar ana yi musu caji a wani shago mai rufin kwano ba silin, ba taga, da azahar, a watan Afrilu da zafin waje ma ya haura digiri 40. Batir na dawowa daga aiki da zafinsa sai a maƙala masa caja nan take. Batirin litiyam yana da wata ƙaramar na'ura a ciki da ke tsaronsa, in zafi ya yi yawa ta yanke. Da ta riƙa yankewa, sai wani mai gyaran wutar mota ya ga ai ita ce matsalar, ya tsallake ta da waya. Biyu daga cikin batiran sun kumbura kafin in iso, Allah ne ya tsare gobara. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya sani ya yi, ba wanda ya koya masa. Muka buɗe tagogi, muka sa silin da fanka, muka kafa dokar batir ya huta ya huce kafin caji, muka sa na'urar daidaita wuta saboda wutar unguwar na zuwa da rauni tana ƙona caja. Sauran batiran suka ci gaba da aiki.

Daga nan na riƙe abu uku. Irin batirin da ya dace da zafinmu shi ne litiyam da ake kira LFP, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma in an kula da shi yana yin caji dubu biyu zuwa sama. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna kashe abin hawa ta mahaɗar wayoyi da akwatin sarrafa wuta, don haka a duba yadda aka rufe su kafin a dubi fenti. Na uku kuwa su ne kanikawa. Dubban mutane a Ƙofar Ruwa da sauran garejoji na cin abinci daga inji da giya da salansa, ga masu sayar da baƙin mai da 'yan bumburutu. Gwamnatin da ta ce za ta sauya sufuri ba ta fara da horar da su ba ta sayi rigima, kuma ta bar motocinta ba mai gyarawa.

Ba na cewa lantarki ne kaɗai hanya. Gwamnatin tarayya ta fi karkata ga iskar gas, kuma ga manyan motoci masu tafiya mai nisa hakan na da ma'ana, musamman in bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya fara kawo gas ɗin. Juya injin da kake da shi ya koma gas ya fi sayen sabon keke arha nesa ba kusa ba, in dai akwai wurin sha kusa da kai ba tare da dogon layi ba. Da ni za a tambaya tsarin gari, zan ce a ɗauki hanya ɗaya mai cika, misali daga Janguza ta Kabuga zuwa Bata, a ware wa bas layinta, a gina gareji mai nasa layin wuta da sola, a shigo da ƙungiyoyin direbobi a matsayin masu hannun jari, kekuna kuma su riƙa kawo fasinja daga unguwanni. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka ƙofar a buɗe take. Wannan ɓangaren aikin 'yan siyasa ne da masu kuɗi, nawa ya tsaya a kan waya da batir, kuma lissafin da na yi maka a sama zai motsa duk ranar da farashin mai ko na dala ya motsa.

Game da kekunanka uku, Alhaji, kada ka sayar da su gaba ɗaya. Ka fara sa yaran su rubuta maka kilomita da litar da suke sha kullum na tsawon wata guda, don da yawan masu keke ba su san ainihin wannan lambar ba. In akwai wurin musayar batir a kan hanyar da suke bi, ko kana da wuta tabbatacciya a gida, ka sauya ɗaya, ka ba yaron da ya fi natsuwa, ka bar shi ya ratsa bazara da damina kana kwatanta shi da sauran biyun. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa irin batirin da ke ciki, ka ce ya nuna maka a rubuce a jikinsa. Ka tambayi garantin shekara nawa ne da wanda zai cika shi a nan Kano, da farashin sabon batir yau, da shagon da za ka samu akwatin sarrafa wuta da caja in sun ƙone. Sannan ka ce a loda masa mutum huɗu a bi hanyar da yaranka ke bi tun safe har batirin ya ƙare, kana riƙe da agogo da takarda. Kilomitar da ka gani a ranar ita za ka yi lissafi da ita, bayan ka cire kashi ɗaya cikin biyar saboda tsufan batir.